Iri a Rumbun Nesa

Daren Talata aradu ta sauka a Bagalam,
ta bi waya kamar ɓera a igiyar shanya,
ta shiga ɗakin sanyi na ofishinmu,
ta lashe kan na'urar da ke raba wa gari hanya.

Da asuba Nomau maigadi ya buɗe mini ƙofa:
"Malama, akwatin naki ya daina ƙifta ido."
Na duba. Fanka na juyawa, ƙarfe da ɗuminsa,
fitila ɗaya, ja.
Na kira ta, ba ta amsa ba.
Gangar jiki ce kawai.
Abin da ta sani jiya,
wace ƙofa ke zuwa banki, wace ke zuwa gidan likita,
yadda ma ake tashi daga barci,
duk ya bi ruwa.

Wayata ta kama kuka.
Dillalin gyaɗa na jiran kuɗinsa daga Jibiya,
mai sayar da magani ya ce rezo ya mutu.
Ban firgita ba.
Ƙarya nake, yatsuna sun yi rawa a kan madannai.
Sai na tuna Kuluwa, kakata.

Kowace kaka, kafin a ɗaure damin ƙarshe,
takan zaɓi zangarniyar da ta fi cika,
ta cuɗa tsabar da toka, ta ƙulle a tsumma biyu,
ɗaya Tibiri, rumbun ƙanwarta,
ɗaya Madarunfa, wurin wata aminiya.
Mu yi ta dariya: ga rumbu a tsakar gida!
Ta ce, "Wuta ba ta tambayar wanne ne iri.
Shekarar da gulbi ya ci tsohon gari,
wanda irinsa ke ƙarƙashin gado
da rance ya yi shuka."

Ni ma tun kafin ruwan farko,
ran da kowa ya tashi aiki ya bar ni,
na kwafi manhajar da ke rayar da akwatin nan,
na raɗa mata suna da kwanan wata,
na tura ta Yamai,
cikin wata saba da ban taɓa gani ba,
a ɗakin da ban san launin ƙofarsa ba.
Na tura ta biyu Damagaram.
Shugabana ya ce ina cinye layi a banza.

To yau na miƙa hannu ta siririn layin agaji,
na ce wa Yamai: ajiyata.
Ta taho kamar ruwan rijiya a tsakiyar rani,
tara cikin ɗari,
ashirin da shida,
kuran ya ɗauke, Nomau ya tada inji,
ya kawo shayi, ya huce ban sha ba.
Da ta iso na auna hatiminta,
harafi bayan harafi, kamar mai ƙirga tiya.
Na goma sha bakwai ya saɓa.
Ƙwaro ya shiga tsumman, ko a can ko a hanya.

Na daɗe ina kallon bango.
Kuluwa, ashe shi ya sa kike ƙulle biyu.

Ta Damagaram ta iso bayan azahar,
hatimi ya zauna daidai.
Na zuba ta a busasshen kan nan, na rufe, na jira.
Shiru.
Sai fitila ɗaya ta koma tsanwa,
sai ta kusa da ita, sai layin gaba ɗaya,
kamar gona kwana uku bayan ruwa.

Babu wanda ya kira ya yi godiya,
wayar dai ta yi shiru, na gane.
Dillali ya karɓi kuɗinsa, bai san sunana ba.

Kafin in ɗauki makullin babur
na sake ƙulle sabon tsumma, na aika Yamai.
Nomau ya leƙo: "Ba an gama ba?"
Na ce, damina da saura.